Wata uku ina aiki a aron runfar Amazon

Aikin da ya kai ni shi ne tulin bidiyon biki da na suna da muka ɗauka shekara da shekaru a ɗan shagonmu, waɗanda nake son in matse su su rage nauyi, in mayar da su tsari ɗaya. Kwamfutata kan kwana tana nishi a kan guda uku, ga wuta ba tabbas. Wani ƙanena da ke harkar manhaja ne ya ce, "Yaya, ka gwada Spot mana."

Ga yadda abin yake. Amazon na da ɗimbin kwamfutoci da take bayarwa haya ta intanet, kuma a kowane lokaci akwai waɗanda ba kowa a kansu. Maimakon su zauna haka nan, sai ta karya farashinsu, ragin yakan kai har kashi 90 cikin ɗari, amma da sharaɗi: duk sa'ar da mai biyan cikakken kuɗi ya zo, za a karɓe. Kamar ka baza kaya a runfar da mai ita bai fito kasuwa ba, kana ciniki kana waigen hanya. Tun 2009 suka fara tsarin. A da sai ka taya kamar a gwanjo, amma a ƙarshen 2017 suka sauya, yanzu farashin yana hawa da sauka ne a hankali.

Na ɗauki samfurin kwamfutar da suke kira c5.2xlarge a cibiyarsu ta Arewacin Bajiniya a Amurka, wanda cikakken kuɗinsa santi 34 ne a awa. Ni dai ban taɓa ganin ragin kashi 90 ɗin nan da idona ba, amma yawancin kwanaki ban biya ko rabin kuɗin ba. Ga wanda zai sayi dala da naira, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A makon farko na sha ƙasa, kuma laifina ne. Na haɗa bidiyo arba'in a aiki ɗaya, na bar sakamakon a kan faifan na'urar, na je na kwanta. Da asuba na duba, babu na'ura babu aiki. An aiko da gargaɗin, domin minti biyu suke bayarwa kafin su karɓe, sai dai ban sa komai ya saurare shi ba, kuma faifan yana kan saitin gogewa idan an rufe na'urar. Duk an rubuta wannan ɓaro-ɓaro, ni ne ban karanta ba. Abin kunyar shi ne mu da muka tashi da ɗauke wuta, muka saba adana aiki kowane minti biyar, mu ne ya kamata mu fi kowa iya zama da irin wannan tsari.

Daga nan na sake lale. Kowane bidiyo ya zama aiki mai zaman kansa. Da ya kammala sai ya wuce S3, wato ma'ajiyar fayil ta Amazon a intanet, a soke sunansa daga jeri. Ƙanen nawa ya rubuta mini 'yar manhaja da ke leƙa gargaɗin kowane daƙiƙa biyar. Na kuma daina nacewa a kan samfuri ɗaya, na ba su zaɓi huɗu, wanda aka samu a ba ni. Tun daga lokacin, idan an karɓe na'ura abin da nake rasawa bai wuce bidiyon da ke hannu ba, wata ta tashi ta ɗora daga inda aka tsaya. Akwai makon da ba a taɓa ni ba ko sau ɗaya, akwai ranar da aka tashe ni sau uku kafin la'asar. Wani abin da ya burge ni: a kan na'urar da ke aiki da babbar manhajar Linux, idan su suka katse ka cikin awar farko, ba sa cajin wannan lokacin.

Minti biyun ma alfarma ce, tunda Google da Microsoft daƙiƙa 30 suka saba bayarwa a irin nasu tsarin.

Inda lissafina ya kuskure shi ne wajen kwaso kaya. Loda bidiyo zuwa wurinsu kyauta ne, in ka cire kuɗin data da kwanakin da na yi ina jiran lodin ya kammala. Amma sauko da su, bayan gigabait 100 na kyauta a wata, kowane gigabait kusan santi 9 ne. Ragin Spot bai shafi wannan ba, bai shafi kuɗin ajiya ba. A wata na biyu kuɗin saukewa ya kusa kamo na aikin kansa.

An ce araha ba ta ado, kuma a wasu ayyukan haka ne. Ba zan ɗora shafin da abokan ciniki ke shiga a kan Spot ba, ba kuma zan ba shi bidiyon amaryar da ake jira gobe da safe ba. Wannan cikakken kuɗi nake biya masa. Amma aikin da za a iya yankawa gunduwa-gunduwa, wanda ba mai tsaye a kanka, nan ne gidansa. Saura bidiyo kamar ɗari biyu a jerin, kuma a kan Spot zan ƙarasa su.