Ofishin da ya tura ƙanena tuƙi Riyad: abin da na gani bayan shekara guda

Ofishin yana saman bene a tsakiyar garin Kaduna, ba nisa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma ta hannunsa ƙanena ya tafi Saudiyya aikin tuƙi bara. Da gangan na bari ya shekara a can kafin in yi wannan rubutu, domin ranar da aka raka mutum filin jirgin Malam Aminu Kano kowa yabon ejan yake yi.

Ta fuskar takardu ban same su da laifi ba. Lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana rataye a bango, sun ba da rasit a kan kowane kuɗi da muka biya, kuma bizar aiki ta gaskiya suka samo masa, ba bizar Umara da wasu ke tura mutane da ita su maƙale babu igama (takardar izinin zama), suna ɓuya har ranar da za a kama su a kai tarhil (wurin tsare waɗanda za a koro gida) ba.

Matsalar tana cikin abin da ba su faɗa ba. Kwantiragin da Larabci yake, ma'aikacin da ya karɓe mu kuwa layin albashi kaɗai ya nuna mana da biro, ya buga lissafinsa da naira a waya, ya ce da ni, "Alhaji, ai tuƙi ne kawai, ga ɗaki ga abinci." Tun da riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, dole adadin ya cika ido. Bai gaya mana cewa a dokar Saudiyya direban gida yana cikin rukunin masu aikatau ba, kuma sassaucin da aka yi wa tsarin kafala (tsarin da ke ɗaure ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki) a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikata sauya wurin aiki, bai haɗa da wannan rukuni ba. Wanda sana'arsa ke nan ba zai ce bai san wannan ba.

Ranar da ƙanena ya isa, kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya karɓe fasfonsa, alhali dokar ƙasar ta hana. Ɗakinsa wani ɗan kurƙi ne a jikin get, na'urar sanyaya ɗakin tana yi tana tsayawa, a garin da zafi ke haura digiri 45 a watan Yuli. Yana fita da yara makaranta bayan Asuba, wani lokaci sai ƙarfe ɗaya na dare uwargida ke sallamarsa, tsakanin nan kuma akwai wankin tsakar gida da ɗaukar tukunyar gas. Idan kyamarar titi ta ci tarar motar, daga albashinsa ake cirewa. Da Babbar Sallah ya kira ni ta bidiyo, yana zaune shi kaɗai da faranti a cinya, ya ce, "Yaya, kada ka gaya wa Inna." Fita ba ta yiwuwa, domin da zarar ya bar gidan kafilin zai kai rahoton ya gudu, ya koma wanda ake nema.

Lokacin da albashinsa ya yi wata biyu bai fito ba, sau uku ina hawa benen nan. Kowane zuwa da fara'a aka tarbe ni, har da ruwan sanyi, amsar dai ɗaya ce, a yi haƙuri za su tuntuɓi abokan hulɗarsu na can. Wani ɗan Zariya da ya daɗe a Riyad ne ya nuna masa yadda ake shigar da koke ta Musaned, manhajar gwamnatin Saudiyya ta masu aikin gida, sannan aka biya shi.

Wanda zai bi ta wannan ofishi ya tafi da malamin da ke jin Larabci ya karanta masa kwantiragin layi-layi, ya kuma nemi a rubuta masa sunan aikin da ke kan bizar da awannin aiki kafin ya biya ko kwabo. Ƙanena yana da sauran shekara guda a kwantiraginsa, fasfonsa kuma har yau yana hannun kafili.