Sakandaren gwamnati a gefen Shikago: gidanka ne takardar shigarka

Yaya, ka tambaye ni ko da gaske karatun sakandare kyauta ne a Amurka. Da gaske ne, amma da sauran rina a kaba. Bari in ba ka labarin sakandaren New Trier, wadda nake wucewa ta gabanta in zan tafi aiki a Winnetka, arewa da Shikago.

An buɗe ta a 1901 da ɗalibai 76, lokacin garuruwan bakin tafkin Michigan ba su wuce ƙauyukan da jirgin ƙasa ya ratsa ba. Masu hali suka riƙa barin cikin birni suna tarewa a nan, makaranta tana girma da su. A 1913 har kududdufin ninkaya aka yi mata a cikin gini. Da haihuwa ta yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ajujuwa suka cika maƙil, sai aka buɗe reshe a Northfield a 1965. Yara suka ragu, a 1981 aka mayar da shi na 'yan aji ɗaya kawai, a 1985 aka rufe shi. Abin da ya burge ni, ba a bar shi ya zama kangon awaki ba, ba a kuma yanka filin an sayar ba. A 2001 aka sake buɗe shi don 'yan aji ɗaya. Yanzu ɗalibai kusan 4,000 ne.

Mu a gida, in rufi ya yaye sai a jira ma'aikatar ilimi, ko PTA ta yi karo-karo. Nan kuwa mafi yawan kuɗin daga harajin gidajen yankin yake fitowa. A 2014 mazauna suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ciwo bashin dala miliyan 89 don sabunta tsohon ginin, su biya da harajinsu. Kowane yaro yana da malamin da ke bibiyarsa, kullum sai sun haɗu, iyaye ma sun san shi. Littattafai dai iyaye ke saye, kuma da tsada.

Matsalar ita ce gidajen wurin na attajirai ne. Ka gangara kudancin Shikago, gwamnati ɗaya, jiha ɗaya, amma makarantun ba su haɗa hanya ba, duk da dai ko can ban ga yaro zaune a ƙasa ba.

Don haka kar ka yi gaggawar turo yaron nan. Ranar rajista ba jarrabawa za su yi masa ba, takardar haya da ta kuɗin wuta za su nema, kuma ni a cikin birni nake haya, ba a yankin makarantar ba.