Bakaniken da ya gyara min lifan bayan ɗan adaidaita ya kayar da ni

Duk mai lifan ko roba-roba a Kano da yake neman inda zai kai gyara, musamman in mashin ɗin faɗuwa ya yi ko karo aka yi da shi, akwai wani dattijon bakanike a Gyaɗi-Gyaɗi, in ka sauka daga titin Zariya ka shiga layi yana gindin wata darbejiya, babu allo babu komai sai teburin ƙarfe da akwatin sifanu da yaransa masu koyon aiki. Ban nemi izininsa ba shi ya sa ba zan kama suna ba. Na kai masa nawa, na tsaya na ga aikin da idona, kuma gaskiya ya cancanci a faɗa, da mai daɗin da mara daɗin.

Tsautsayi ne ya kai ni wajensa. Bayan la'asar na taso daga aiki ina kan Zoo Road lokacin da titi ya cika, wani ɗan adaidaita da ke gefena ta hagu ya hango fasinja ya ɗaga masa hannu, kawai sai ya yanko dama ba sigina ba komai. Na taka birki na matse na hannu amma ina, ƙafar gaba ta riga ta daki gefensa, sai gani na a ƙasa mashin a kan ƙafata. Allah ya sa ba gudu nake ba abin ya zo da sauƙi, ƙujewa ce a gwiwa da gwiwar hannu sai targaɗe a wuyan hannu, hular kwanona kuma ta daki kwalta ta gefe har fentin ya tashi, wanda da babu ita kunnena da kumatuna ne za su sha wannan gurzar. Tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole a riƙa sa hular nan amma ka duba titi yau ka ƙirga masu ita. Mutane suka taru ana ta sannu, Allah ya kiyaye gaba, yaron ya fito jikinsa na ɓari yana cewa "Yaya don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban gan ka ba", adaidaitar ma ba tasa ba ce balas yake kaiwa kullum, to me zan karɓa a hannunsa? Na ce ya je Allah ya tsare. A kemis aka wanke min ciwon aka yi min allurar tetanus.

Kuma wannan yankan na 'yan adaidaita duk mai hawa mashin a garin nan ya san shi. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita ta cika gari, su gefen titi nan ne wajen neman abincinsu, mu masu ƙananan mashina kuma nan ne hanyarmu, kullum a cakuɗe muke.

To a wajen da abin ya faru wani mai gyara na bakin titi ya matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa kan mashin ɗin ya ce shi ke nan ya miƙe. Na hau na taho gida amma ina ji a jikina ba daidai yake ba, in na sassauta hannu kaɗan sai ya riƙa jana dama, in na ɗan ƙara wuta kan ya kama rawa, ga wani ƙas-ƙas duk lokacin da na faɗa rami. Wani kuma da na nuna wa ko taɓawa bai yi ba ya ce shoka ce ta lanƙwashe, a kai wa mai walda ya sa mata wutar gas a miƙar. Abokin aikina ne ya ce kar na yarda, ya kwatanta min wajen dattijon nan.

Abin da ya fara burge ni, bai yanka min kuɗi ba sai da ya duba. Na ce "Baba karo na yi da adaidaita", ya ce "Subhanallahi, sannu Malam, ya jikin? An duba hannun nan kuwa?" sannan ya tambaye ni ta wane gefe na faɗi, da gaba na daka ko goga ce. Ya kafe mashin ɗin a kan babban jak [tsayuwar tsakiya] ya sa yaro ya danne baya ƙafar gaba ta tashi sama, ya riƙe kan da yatsu biyu yana juya shi a hankali hagu da dama, ya ce na zo na taɓa da kaina. Wallahi ina kaiwa tsakiya sai na ji ya ɗan maƙale sannan ya wuce. Ya ce boris ɗin wuya ne, bugun ya sa ƙwayoyin sun lotsa mazauninsu, duk giris ɗin da za a zuba ba zai gyaru ba sai an canja. Daga nan ya kwance shoka ɗin biyu ya zare ƙarafan ya goge su tas, ya mirgina kowanne a kan wani gilashin taga da yake ajiyewa ƙarƙashin tebur don wannan aikin kawai. Na hagu ya tafi sumul, na dama yana mirginawa yana ɗagawa kana ganin haske yana shiga ta ƙarƙashinsa. Lanƙwasar da ido ba za ka taɓa ganinta ba.

Na faɗa masa maganar wutar gas, ya girgiza kai ya ce shi ba ya yi, ƙarfen da aka gasa ya yi laushi ya rasa ƙwarinsa, zai miƙe yau amma ramin farko mai kyau da ka faɗa zai koma, ko ya cinye robar da ke riƙe mai shoka ta fara yoyo, man kuma in ya gangara cikin birkin gaba ka ga an koma gidan jiya. Ya ce "Malam kuɗinka ne, in ka ce a gasa ga masu walda can, amma ba da hannuna ba." Wannan maganar ce ta sa na saki jiki da shi.

Rim ɗin ma ya ɗan karkace, nan kuma cewa ya yi kar na sayi sabo asarar kuɗi ce. Ya riƙe alli kusa da bakin rim yana juya ƙafar, duk inda allin ya taɓa ya san nan ne ya fito, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sassauta na wannan gefe yana ɗaure na wancan har ƙafar ta dawo tana juyawa ba ta kaɗawa. Ya ɗau lokaci sosai a kan wannan kuma bai bar wa yara ba. Hannun birki da ya lanƙwashe ya ce a canja don irin wannan ƙarfen in ka miƙar da shi karyewa yake, kuma ba shi da tsada. Ya buɗe wajen iska ya nuna min soson ya jiƙe da mai saboda kwanciyar da mashin ɗin ya yi a ƙasa, abin da ya sa yake min wuyar tashi da safe ke nan, ya wanke ya duba filogi ya mayar.

Kayan gyara bai ce na ba shi kuɗi ya sayo ba, rubuta min ya yi a bayan kwali ya ce na je wajen 'yan babura a Fagge da tsofaffin a hannuna na gwada, ya kuma gargaɗe ni cewa kowane kaya akwai mai kyau akwai na banza a kwali iri ɗaya, na ɗaga na ji nauyi na duba gogewar ƙarfen. A cewarsa sauƙin irin mashinan nan shi ne kusan duk tsarinsu ɗaya, Lifan ɗin da ake yi a Chongqing ta ƙasar Sin da sauran 'yan uwanta masu inji 110 duk daga Honda Super Cub ta Japan suka samo asali, wadda ta fito tun 1958, shi ya sa kaya ba sa wuyar samu. Tsada dai kam sai haƙuri, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi komai ya tashi, kuma inshorar da doka ta wajabta ba ta gyara maka naka, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, don haka daga aljihuna komai ya fita.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alƙawari. Ya ce na dawo gobe da azahar, na zo na tarar ko haɗawa ba a fara ba, mashina sun yi layi saboda mutane da yawa sun ajiye motoci sun koma babur, shi kuma ba ya iya cewa a'a, kowa ya zo sai ya karɓa. Da ya ce min jibi tun farko da ban kashe kuɗin adaidaita na zo na koma ba. Sannan yaran nasa suna buƙatar sa ido, sun bar min baƙin mai a kan kujera da hannuwa, wayar siginar dama ba su mayar ba sai da na kunna a gabansu na nuna, madubi kuma ina hawa titi ya juya. Ya yi musu faɗa ya ɗaure da kansa ya ba ni haƙuri, amma dai mutumin da ya faɗi saboda wani bai sa sigina ba bai kamata a sallame shi da matacciyar sigina ba. Robar gaba da ta tsage shi ba ya aikin roba, wani ya tura ni ya like ta da wuta ta ciki, ta kama amma tabon yana nan ana gani.

Kuɗin aikinsa bai kai abin da na yi zato ba, ban ma nemi ragi ba, kuma tsofaffin kayan duk ya zuba min a leda ya miƙo min. Kafin ya ba ni makulli sai da ya hau da kansa ya zaga layin ya dawo ya ƙara ɗaure wuya kaɗan, ya ce in na yi sati ina hawa na dawo ya sake dubawa tunda sabon boris yana zama, na koma kuma bai karɓi ko sisi ba. Yanzu mashin ɗin yana tafiya a miƙe, rawar kan ta tafi, ƙarar ma babu.

In za ka je ka je da sassafe kafin layi ya taru, ka tafi da tsabar kuɗi don ba ya son taransifa, ranar Juma'a kuma da hantsi yake rufewa. Ka tsaya a kan mashin ɗinka lokacin da yara suke haɗawa, kuma kafin ka bar wajen ka gwada sigina da hon da fitila da birkin gaba da na baya.