Gargaɗi ga iyayen Jos kan mai tallan ɗan gidan 'yar tsana a Instagram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya same ni ya samu ƙanwata a Rikkos, jiya kuma maƙwabciyata a nan Unguwar Rogo ta nuna min tallan a wayarta tana shirin tura kuɗi. Shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

'Yata mai shekara 12 Allah ya ba ta hannu. Tun tana ƙarama take tsinto ƙyallaye a shagon tela ta ɗinka wa 'yar tsanarta zane, ta yi mata gado da kwalin ashana. Da ta ga bidiyon ƙananan gidajen nan da ake sayowa a wargaje mutum ya zauna ya haɗa, har da kicin da labule da fitila mai kamawa, sai ta ƙwallafa rai. Na yi mata alkawari idan ta kai izu 10 a Islamiyya zan saya mata. Ta kai.

Kafin in faɗi yadda aka cuce ni, ga yadda na gaske yake, don daga baya na gani da idona a gidan wata ƙawata a Rayfield. Yawancinsu daga Sin ake kawo su, irin masu tambarin Rolife da Cutebee. Da yawa ma'auninsu 1:24 ne, wato kujera mai tsayin kusan mita ɗaya ta dawo santimita 4. A cikin kwalin akwai siraran fallayen katako da inji ya yanka tsaf, sai dai ki ɓalle kowane yanki da yatsa, da ƙyallaye, da takardu masu zane na bango, da siririyar waya mai ƙananan ƙwayayen fitila, da littafi mai hotuna da ke nuna komai daki-daki. Sau da yawa ba a sa gam da batir, saboda ƙa'idar dakon kaya a jirgin sama, wannan ba cuta ba ce. Kuma aiki ne na haƙuri, da hantsaki ake ɗaukar wasu abubuwan, ƙawar tawa sai da ta yi mako biyu tana yi da daddare.

Ita wannan mai shafin hotunan gidajen da aka gama haɗawa take sawa, masu kyau kamar ka shiga ka zauna. Ta ce kayan suna hanya daga Sin, wanda ya biya yanzu zai samu rangwame. Bakinta kamar zuma, "Hajiya" a gaba "Hajiya" a baya. Na tura naira 38,000 daga kuɗin adashina, a asusun da sunansa ma na namiji ne, ta ce na mijinta ne. Bayan mako uku ta ce kaya sun iso Legas amma an riƙe su, kowa ya ƙara 9,500. Zuciyata ta ɗarsa, to amma yarinya kullum sai ta tambaye ni, "Umma, ya zo?" Na tura.

Ran da direba ya kira ni tashar Bauchi Road, tun da na ɗaga ledar jikina ya yi sanyi, ba nauyi ko kaɗan. Muka buɗe a gida. Kwali ne aka buga wa hoton bango da taga, ko yanka shi ba a yi ba, da 'yan kujerun roba uku irin na cikin alawar yara. Ba katako, ba waya, ba littafi. 'Yata ba ta yi kuka ba, tattarawa ta yi ta mayar cikin ledar ta shige ɗaki. Wallahi wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Na yi wa matar magana, ta ce kuskuren ma'aikata ne, washegari ta toshe ni. Ƙanwata ko kwalin ba ta samu ba.

Don Allah duk mai son saye, ki ce a kira ki ta bidiyo a buɗe kwalin a gabanki, ki ga fallayen katakon da littafin. Ki tambayi sunan kamfani da lambar samfurin, ki duba da kanki. Idan sunan asusu ya saɓa da na shago, ko aka rufe wurin sharhi a shafin, ki riƙe kuɗinki. Wadda ta riga ta tura kuma ta garzaya bankinta a ranar da shaidar biya da hotunan hirarsu, kada ta jira mako uku kamar ni.

Shafin ya canza suna sau biyu tun watan jiya, amma hotunan suna nan yadda suke. Na farko koren kicin ne mai jar butar shayi a kan murhu, shi ne wanda maƙwabciyata ta nuna min jiya.