Kundin ɗa'a na ICN: yana da amfani wajen rubuta falsafar jinya?

Ɗalibin jinya da aka ce ya rubuta falsafarsa ta aiki zai iya farawa da kundin ɗa'a na majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, wato ICN. An fara fitar da shi a 1953, aka sabunta a 2021, kuma kyauta ake sauke shi a intanet.

Kashi huɗu ne: ma'aikaci da majinyaci, ma'aikaci da aikinsa, ma'aikaci da sana'ar kanta, sai lafiyar duniya. Na farkon ya fi nama. Ka ɗauki maganar rufin asiri da neman yardar majinyaci, ka jera su da abin da ka yi imani da shi, kamar amana da tausayi, sannan ka rubuta wa kowanne jimla ɗaya ta abin da za ka yi a bakin gado. Shafi ɗaya ya wadatar. Kundin ya yarda ma'aikaci ya janye daga aikin da ya saɓa wa imaninsa, muddin an tabbatar majinyacin ya samu mai kula da shi. Wannan sashen ya cancanci karatu sau biyu.

Rauninsa shi ne magana a dunƙule. Ba zai gaya maka yadda za ka yi ba idan mace tana naƙuda, dangi suka ce sai maigida ya iso. Masu kwafe jimlolinsa kai tsaye kuwa, takardarsu kan fito ba gishiri, malami kuma yana ganewa tun layin farko.