Na kai lemar kait ɗina gyaran ragama da miksa a Ras Sudr: abin da ya biya kuɗinsa da abin da bai biya ba

Lemar kait, wadda iska ke jan mutum da ita yana tsaye bisa allo a kan ruwa, irin wadda ba a hura ta da famfo, wato mai aljihunan da iska ke cikawa da kanta, tana da wani hali: za ta lalace alhali ba ta yage ba, ba kuma igiyar da ta tsinke. Tawa mai murabba'in mita 12 ce, ta hannu na saya, kuma a Ras Sudr nake hawa da ita, a Masar, a gaɓar tekun Suwez ta ɓangaren Sina'i, inda iskar arewa ke kaɗawa a kan ruwa marar zurfi. Da farko lafiya lau take. Sannu a hankali sai ta fara nauyin jiki. In na jawo sandar da ake riƙe ta da ita don ta ƙara ja, maimakon ta yi gaba sai ta tsaya cak, ta fara zamewa da baya. Ba ta son matsawa can gefen iska, don haka haurawa inda iskar ke fitowa ya zama wahala. A ranar da iska ta yi laushi kuwa, wanda ke da lemar famfo ƙarama sai ya wuce ni, abin da bai kamata ya faru ba, tun da amfanin wannan lemar ke nan, tashi a iska mai laushi.

Akwai wani mai gyaran lema a bakin ruwan, kowa Usta yake ce masa. Aiki biyu ya yi mini tayi: mayar da ragama da miksa, wato zaruruwan da ke riƙe lemar da mahaɗarsu, yadda suka fito daga masana'anta, sannan in ina so, ya ƙara mini madaidaita don in riƙa sauya wa lemar siffa. Na karɓi duka biyun. Na farkon ya biya kuɗinsa har da riba. Na biyun akwai magana.

Sai an san yadda aka haɗa abin kafin a gane me aka biya. Igiyoyi huɗu ne ke tashi daga sanda, biyu na gaba da ke ɗauke da nauyin mutum, biyu na baya da ake tuƙi da su. Amma jikin lemar, ƙananan zaruruwa ne masu yawan gaske a jere sahu huɗu, daga baki zuwa wutsiya: A, B, C da Z. Su ne ragama. Miksa ita ce mahaɗar da ke tsakani, fuli (ƙaramar tayar da igiya ke gudu a kanta) biyu a kowane gefe da gajerun igiyoyin da ke gudu a cikinsu. Sahun A yana ɗaure da igiyar gaba, ba ya motsi. Sahun Z yana ɗaure da ta baya, duk abin da ka ja shi zai bi. Su kuwa C da B a kan fuli suke rataye, a tsarin da ya fi yawa C yana bin rabin abin da Z ya yi, B yana bin rubu'i. In igiyar baya ta sauko santimita 20, Z ya sauko 20, C 10, B 5, A yana nan. Da haka lemar ke karkata gaba ɗayanta ba tare da ta karye a tsakiya ba.

To ina matsalar take shigowa? Zaruruwan nan na Dyneema ne, zare mai ƙarfin gaske da ba ya miƙewa sosai. Sai dai kitsa shi aka yi, kuma kitson da ba ya shan ja yakan saki, ya kumbura, yashi da gishiri su shige cikinsa, tsawonsa ya ragu. Sahun A kullum a miƙe yake saboda nauyi, shi ya sa ba ya cika canzawa. Z da C su ne 'yan hutu, su ne ke tsukewa. In Z ya gajarta, lemar tana tafiya ne da birki a danne kullum, ko ka saki sanda. Abin da tawa ke fama da shi ke nan. A wuri irin Ras Sudr, inda ake shimfiɗa lema a kan yashi mai gishiri, rana kuma ta gasa ta, abin yakan zo da wuri.

Abin da ya fara burge ni da Usta, bai taɓa lemar ba sai da ya gama da sanda. Ya ɗaure igiyoyin huɗu a turke ɗaya, ya ja, ya nuna mini na baya sun gajarta a kan na gaba. Ya ce yawancin masu kawo masa kuka a kan miksa, rabin ciwon a nan yake. Ya miƙe su, ya daidaita ƙullin da ke ƙarƙashin soson sandar, sannan ya koma kan miksa. Gwajin da ya yi shi ne wanda kamfanin Flysurfer na Jamus ya yaɗa a littattafan lemominsa: a jera ƙarshen igiyar gaba da ta baya daidai wa daida, a ja su da ƙarfi ɗaya, a duba ko A, B, C da Z sun tsaya a layi guda. Nawa ba su tsaya ba. B da C sun kauce, kuma kaucewar gefen dama ta fi ta hagu, wanda ya bayyana mini dalilin da lemar ke ɗan jirkicewa in na tsayar da ita bisa kaina.

Igiyoyin da ke gudu a cikin fuli sun yi gashi-gashi, ɗaya ma ta sirance a daidai inda fulin ya fi zama. Waɗannan dama kayan canji ne, ba a yi su don su daɗe kamar lemar ba. Ya sa sababbi, ya sauya fuli ɗaya da yashi ya cinye har ba ya juyawa. Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne bambancinsa da wanda zai yi maka aikin rabin awa. Ya bi ragamar har sama yana auna zaruruwa bibbiyu, na dama da takwaransa na hagu, yana duba takardar tsawon zare ta masana'anta. Miksa tana iya zama daidai cif amma zaruruwan da ke samanta sun tsuke, musamman na kunnuwan lemar. Waɗanda suka gajarta ya rataya su ya ja su a hankali. Aikin ya yi kama da na mai ɗaure sifok ɗin keke: ka ɗan taɓa nan, ka koma can ka duba, ba a murɗa ɗaya a gama da shi.

Da na shiga ruwa, bambancin bai ɓuya ba. Lemar ta koma cika da wuri, tana haurawa sama ba sai na yi ta fizgar igiyoyin gaba ba. Zamewa da baya ta tafi, sai fa in na jawo sanda har ƙarshe a iska mai laushi sosai, wanda kowace irin wannan lemar za ta yi. Ta koma zama can gefen iska, ni kuma na koma haurawa ba tare da na danne allo har cinyata ta yi tsami ba. Idan ka tuna sabuwar lema mai wannan girman takan haura Yuro 2,000, abin da na biya a wannan ɓangaren ba komai ba ne.

Yanzu ɓangare na biyu. Ya sa mini wasu gajerun igiyoyi masu ƙulli-ƙulli a B da C da Z, tazarar santimita ɗaya tsakanin kowane ƙulli, don in riƙa matsawa da kaina. Ka'idar ba ta da wuya. In ka tsawaita B da C, tsakiyar lemar yana ƙara doro, sai ta ƙara ɗagawa da ja. In ka gajarta su, doron ya kwanta, jan ya ragu, lemar ta ƙara natsuwa kuma ta fi sakin iska in ka tura sanda. Z kuwa, gajartawa tana sa juyi ya zo da sauri amma ta dawo maka da birkin da ka biya aka cire, tsawaitawa tana sa ta yi gudu amma tuƙi ya yi sako-sako, tayar da ita daga ruwa da igiyoyin baya kuma ya ƙara wuya.

Na gwada ƙarin doron, domin shi ake yi wa talla da cewa zai sa ka tashi a iskar da kowa ke zaune a inuwa. Gaskiya ne jan ya ƙaru, da sassafe kafin iska ta kankama na ji shi a ɗamarar da ke ɗaure ni da lemar. Amma da rana ta take, iska ta fara zuwa gutsure-gutsure, sai bakin lemar ya fara lanƙwashewa. Duk lokacin da ta wuce bisa kaina igiya ta yi sanyi, kunne ɗaya zai naɗe. Lemar famfo in ta faɗi ruwa tana nan a kumbure tana jiranka. Wannan in ta naɗe ta faɗi a murɗe, kana da ɗan lokaci ne kafin ruwa ya fara shigarta, in ya shiga kuwa sai iyo da jan kaya. A Ras Sudr da sauƙi, a wurare da yawa ƙafarka na taɓa ƙasa. A ruwa mai zurfi ba zan so hakan ba ko kaɗan.

Da na juya ta ɗaya ɓangaren, na rage C da B kaɗan, sai na sami lemar da ba ta jin tsoron iska mai gardama, amma tsallenta ya mutu, saukowa ta yi sauri. Wato dai ba wani ƙarfi da ke ɓoye a cikin lemar wanda masu zana ta suka manta ba su fito da shi ba. Abin da ka ƙara a nan, a can ka cire shi. Manyan masu wannan sana'a, irin su Ozone da Flysurfer, suna da tushe a lemomin shawagi daga tsauni, sun daɗe suna lissafin wannan doron. Ƙullin tsakiya, wanda ya yi daidai da na masana'anta, shi ne inda na fi daɗewa. Amfanin madaidaitan a wurina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: in Z ya sake tsukewa, zan matsar da ƙulli a bakin ruwa in ci gaba da harkata.

Ya kuma yi mini tayin sauya ragamar duka da zare siriri marar riga, wato marar rufin da ke kare shi, irin na masu tsere. Tun da aka shigar da wannan wasa gasar Olamfik ta 2024, aka yi tseren a Marseille, Valentin Bontus na Ostiriya da Ellie Aldridge ta Birtaniya suka ɗauki zinariya, samari da yawa suke son lemarsu ta yi kama da ta waɗancan. Siririn zare yana rage tirjiyar iska, ba musu. Amma ribar sai mai gudu a kan allo mai fiffike a ƙarƙashin ruwa ne zai ji ta sosai. Ni da allon talakawa nake hawa, kuma zare marar riga ya fi saurin cukurkuɗewa da gogewa a kan tsakuwa da bawon kifi. Na ce masa, “Usta, a bar wannan.” Bai matsa ba, na kuma yaba masa.

Inda ban ji daɗi ba guda uku ne. Zare ɗaya na sahun C da ya ga ya fi sauran tsawo, ƙulla shi ya yi maimakon ya saƙa bakin cikin jikinsa. Dyneema yana da santsi, ƙulli kuma yana rage masa ƙarfi ƙwarai, sai da na koma ya warware ya saƙa. Sannan bai rubuta mini awon da ya samu kafin gyara da bayansa ba, ni na zauna da tef da biro na ɗauka, domin in ba ka da wannan lissafin, ƙulli uku kawai za ka matsar ka rasa hanyar gida. Na ukun ba laifinsa ba ne, amma ya kamata ya faɗa tun farko: zaren da aka miƙe da hannu ba ya zama a haka. Kafin lokacin iska ya ƙare, Z ya fara komawa gidan jiya, ko da yake bai kai yadda yake da ba.

Wanda lemarsa ta fara zamewa da baya ko ta yi nauyin juyi, ya kai a auna masa, amma ya fara da igiyoyin sanda, wataƙila ma a nan maganar za ta ƙare. Kafin ya biya ko sisi, ya duba yadin: ya kafa baki a saman lemar kusa da bakinta ya zuƙa, in iska na wucewa a sauƙaƙe, yadin ya mutu, ba miksar da za ta tashe shi. Wanda kuma ya sa madaidaita, ya riƙa matsar da abu ɗaya a lokaci guda, daidai a gefe biyun, kada ya wuce santimita ɗaya, ya gwada a fili cikin iska mai sauƙi bayan ya tabbatar maɓallin sakin gaggawa yana aiki. Sabon shiga da bai gama sanin halin lemarsa ba kuwa, gyaran farko ya ishe shi, kuɗin madaidaitan ya sayi fuli da igiyoyinsu na ajiya.