Sharhi kan rautar GL-MT3000: irin jinkirin intanet da take magancewa da wanda ya fi ƙarfinta

Kukan da aka fi yi a gidajen da ke amfani da MiFi shi ne gwajin gudu ya nuna megabit 20 ko 30, amma kiran WhatsApp na kakkatsewa, murya na zuwa a makare, mai wasan intanet kuma sai an gama da shi harbinsa ke fita. Laifin na jinkiri ne, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da milisakan. Don shi na jona GL-MT3000, rauta (na'urar raba intanet) ta kamfanin GL.iNet, wadda suke kira Beryl AX, a bayan MiFi. Ta yi aiki, amma da sharuɗɗa.

Kafin ka kashe kuɗinka, gano inda jinkirin yake. Buɗe Command Prompt a kwamfuta mai Windows ka rubuta ping -n 50 sai adireshin MiFi ɗinka, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1; ping shi ne umarnin da ke auna jinkirin. Ta kebul bai kamata ya wuce milisakan 1 ko 2 ba, ta Wi-Fi kuma ya tsaya ƙasa da 10. Idan tun a nan yana tsalle zuwa 100, matsalar a cikin gida take: bangon bulo, nisa, ko cunkoson na'urorin maƙwabta a kan 2.4GHz. Koma 5GHz, ko ka zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Idan wannan lafiya lau ne, sai ka yi ping zuwa 8.8.8.8, wata sabar Google (kwamfutar da ke amsa saƙo a intanet), sau biyu: na farko babu mai amfani da layin, na biyu ana tura bidiyo mai nauyi daga wata waya. In na farko ya zauna wajen 50 ko 60, na biyu ya haura ɗaruruwa, to ka kama ɓarawon. Gudun turawa galibi ya fi na saukewa ƙanƙanta, kuma MiFi na tara duk abin da bai samu hanya ba a dogon layin jira. Waya ɗaya ta fara kwashe hotuna zuwa Google Photos, shi ke nan, ɗan ƙaramin saƙon muryarka ya maƙale kamar mai babur a bayan jerin tireloli a siririn titi. Shafin gwaji na Waveform yana auna wannan, ya ba da maki daga A+ zuwa F.

A nan rautar ta burge ni. Tana tafiya ne da manhajar OpenWrt, don haka ana iya saka mata SQM, tsarin da ke rage gudu kaɗan da gangan domin layin jiran ya dawo hannunta, ta riƙa raba hanya daidai tsakanin na'urori. Daga Applications ka shiga Plug-ins ka saka luci-app-sqm, sannan ka buɗe LuCI, shafin saitin OpenWrt, ta Advanced Settings. A saitin SQM zaɓi cake da piece_of_cake.qos. Gudun ana rubuta shi da kilobit, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ka auna. Misali layi mai megabit 20 saukewa da 5 turawa, sai ka sa 17000 da 4250. Da na yi haka, ping ya daina tashi sama ko ana tura bidiyo, kira ya zauna daram. Ɗan gudun da aka rasa ba a ma jin sa.

Abubuwa uku ke ɓata aikin. Rautar tana zuwa da adireshi 192.168.8.1, irin wanda MiFi ɗin Huawei ke amfani da shi, kuma idan suka yi karo intanet ba zai wuce ba. Mayar da nata 192.168.10.1 tun farko. Na biyu, kashe Network Acceleration, domin muddin yana kunne saƙonni na kewaye SQM ne, ka ga kamar ba ka yi komai ba. Na uku, zaɓi ƙofar da intanet ke shigowa ta cikinta: eth0 in kebul ne, in kuwa ta USB ka jona MiFi sunan daban ne, duba shi a Interfaces. Sannan a kashe Wi-Fi na MiFi ɗin, kowa ya koma kan rautar. Waya ɗaya ta saura a can, layin zai sake cika.

Raunin tsarin a kan 4G yake bayyana. SQM na son gudu tsayayye, na 4G kuwa da safe daban, bayan magariba daban, lokacin da unguwa duka ta hau eriya ɗaya. Idan ka sa lambar safe, da dare ba ta da amfani. Shawarata ka auna da dare ka yi aiki da wannan, ko ka sa sifiri a saukewa, wato babu iyaka, ka takaita turawa kaɗai, tunda can ne ciwon ya fi yawa. Akwai cake-autorate mai bin gudun da kansa, sai dai saka shi na bukatar SSH, wato shiga rautar da rubutattun umarni, ba na sabon shiga ba ne. Ka kuma duba RSRP, ma'aunin ƙarfin siginar 4G, a shafin MiFi: in ya kai -110 dBm ko ƙasa da haka, matsar da shi bakin taga ya fi kowane saiti.

Nisa ma ya fi ƙarfinta. Haske a cikin faiba na cin kusan kilomita 200,000 a sakan, kenan kowane kilomita 100 na ƙara milisakan 1 zuwa da dawowa. Saƙo daga Kano sai ya bi ta Legas kafin ya kama kebul na ƙarƙashin teku zuwa Turai, saboda haka sabar wasa ta can ba za ta sauko ƙasa da 100 ba komai rautarka.

Jikinta ƙarami ne, ba ta da gurbin layin waya, ƙofar LAN, ta jona na'ura da kebul, guda ɗaya tak, kuma Wi-Fi ɗinta bai isa babban gida mai ɗakuna da yawa ba. Wuta kuwa ta USB-C take sha, volt 5 amfiya 3, don haka fawa bank na riƙe ta idan an ɗauke wuta. A tabbata yana ba da amfiya 3 ɗin, musamman in MiFi na jone a USB ɗinta, in ba haka ba za ta riƙa mutuwa tana tashi.